Ƙofar Inna Rediyo

Inna Rediyo magulmaciya ce, kuma ba ta taɓa musu ba. In aka ce ta bar shiga abin da ba ruwanta, sai ta ce, "In ban shiga ba wa zai shiga? Ku da ba kwa ganin komai sai ƙafafunku?"

Wankau ce sana'arta. A tsohuwar unguwa famfo ɗaya ne a bakin lungu, nan ta kafa bahonta tun tana da haƙora. Duk mai ɗiban ruwa sai ya bi ta gabanta. Ta san wadda ta kwana tana kuka, ta san wanda aka kora daga aiki tun kafin matarsa ta sani. Ta haɗa faɗa, ta kashe aure, wannan ba ƙazafi ba ne. Amma in hantsi ya yi ba ta ga bokitin wani gida ba, sai ta yarfe kumfar hannunta ta je ta buga ƙofa. Haka aka tsinci matar tela kwance cikin jini, aka kai ta asibiti da sauran numfashi. Matar ba ta gode ba, don kafin a sallamo ta kowa ya ji labarin.

Sai aka zana babban titi ta kan unguwar. Aka shafa jan fenti a bangaye, aka rushe, aka kwashe mutane zuwa dogayen benaye a bayan gari. Da ƙuri'a aka raba ɗakuna, maƙwabta suka watse. Inna ta faɗa hawan ƙarshe, ga gwiwoyi ba sa lanƙwasuwa. Ɗanta, direban bas, shi ya goya ta ya hau da ita.

"Inna, ga famfo har cikin ɗaki. Kin huta."

"Famfon da ba mai zuwa ɗiba? Kai ka huta."

Tagarta bangon wani bene take kallo. Ƙofofin na ƙarfe ne, kowa ya shiga sai ya murza makulli. Masu kawo wanki suka daina, ba mai hawa wannan matakala da ƙunshin kaya.

A ɗakin da ke fuskantar nata akwai wani tsoho mai gyaran takalma, shi ma rusau ne ya kawo shi. Wari ne ya sa aka ɓalle ƙofarsa. Makara ta ƙi juyawa a matakalar, sai a tabarma aka sauko da shi, masu ɗauka sun ɗaure hanci.

Inna ba ta yi kuka ba. Abin da ya ci ta, mutum ya mutu a gaban hancinta, ita Rediyo, ƙudaje suka riga ta jin labari.

Da ɗanta ya zo ta ce ya nemo sukudireba ya cire mata ƙofa.

"Ɓarayi fa, Inna?"

"Ɓarawo ai mai leƙowa ne. Ya zo."

Ya ƙi. Sai ta ja kujera zuwa kan matakala, ta yi ta kiran matan hawan ƙasa har suka fito, ba ta san sunan ko ɗaya ba.

"'Yan nan, na ji ku ma kuna kira na Rediyo. Ba komai. Kullum da safe ɗayarku ta hau ta doki ƙofar nan, ta zage ni in tana so. In ban rama ba, kada ku jira ɗana, ku ɓalle ta."