Makullin Akwatin Malama Maɓalli

Yayata ta yi shekara goma sha bakwai tana sauraren damuwar yara a firamaren da nake koyar da 'yan aji huɗu. Ofishinta tsohon sito ne a bayan ɗakin karatu, taga ɗaya, gajerun kujeru biyu, sai gwangwanin allura da zare. Yara na kiranta Malama Maɓalli, don ba ta taɓa tambayar yaro me ya kawo shi. Rigarsa take dubawa, ta samo maɓallin da ke lilo, ta hau ɗinki. Ta ce yaro ba ya iya magana idan babba ya zuba masa ido, amma da ka sunkuyar da kai sai ya amayar da abin da ke cikinsa. Ni da muke ciki ɗaya da ita na sha bugun cikinta, ban taɓa samun sirrin yaro ko ɗaya ba.

Makarantarmu ta tara yara daga ko'ina, harsunansu sun haura goma, addini ma kowa da nasa. Don masu nauyin baki Yaya ta kafa akwatin katako a bakin ƙofarta, makullin yana rataye a wuyanta. Duk sabon yaro sai ta nuna masa, ta ce, "Ni kaɗai ke da shi. Rubuta da harshen da ya zo maka, karantawar aikina ce."

A ajina akwai wata yarinya da iyayenta suka gudo daga yaƙi a wata ƙasa mai nisa. 'Yan aji suka laƙaba mata Shiru. Wata uku Yaya ta yi tana ɗinka mata maɓalli kafin yarinyar ta jefa takarda a akwatin, da haruffan ƙasarsu, waɗanda ita kaɗai ke rubutu da su a duk makarantar.

Ana haka aka sa wa Yaya ranar aikin ido, hutun mako biyu. Hedimasta ya ce doka ce, duk makullin makaranta a ofishinsa yake zama. Ta ja, ta ja, daga ƙarshe ta cire ta ba shi. A makon ne aka aiko cewa masu duba makarantu na tafe, za su zaɓi wadda ta fi kula da yara su ba ta lambar yabo.

Hedimastan namu mutum ne na turare da dogon jawabi. Ya buɗe akwatin, ya sa almakashi ya yanke sunaye, ya manna takardun yara a allon baranda, ya zagaye su da takarda mai launi. A sama ya rubuta "Muna Jin Kukan 'Ya'yanmu". Ta Shiru ya sa a tsakiya, ya sa waya ta fassara, ya manna fassarar a ƙasa: tun da suka gudo take fitsarin kwance, tana wanke zanin gado kafin mahaifiyarta ta tashi.

Da na ga allon, na nufi wajen hedimasta. Na same shi a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa sirrin yara ne."

Ya ce, "Haba Malama, ai na yanke sunaye."

Na ce, "Yara nawa ke irin wancan rubutun?"

Ya yi murmushi ya ce, "Shi ya sa na sa shi a tsakiya, a ga mun haɗa kowa."

Ban yage allon ba. Tsaki na ja na koma aji, kuma har yau ina jin ƙyamar kaina kamar yadda nake jin tasa. Kafin ƙarfe tara yara sun fara toshe hanci idan Shiru ta wuce, wani ya zuba ruwa a bencinta. Baƙi suka zo, suka ɗauki hoto, suka tafa. Mu muka ci lambar.

Yaya ta dawo da baƙin tabarau. Ba ta ɗaga murya ba. Ta cire takardun ɗaya bayan ɗaya, ta bi azuzuwa tana cewa, "Na ce muku ni kaɗai ke da makulli, kuma na bayar da shi. Laifina ne." Raina ya ɓaci, na ce mata ga mai laifi can yana goge lambarsa. Ta ce, "Ƙanwata, ba shi ya yi musu alkawari ba."

Washegari na kai mata Shiru da kaina. Yarinyar ta zauna a gajeriyar kujera. Yaya ta hango maɓalli na lilo a wuyan rigarta, ta jawo gwangwani, ta yi ta fama da kafar allura da idon da bai gama warkewa ba. Kafin ta zura zaren, Shiru ta sa hannu ta tsinke maɓallin, ta jefa a aljihu, ta tashi ta fita.

An kafa lambar a saman akwatin. Kullum da safe Yaya na buɗe shi ta leƙa, ta shafa cikinsa da hannu ko idon ne ke yaudararta. Zango biyu ke nan ba ta samu komai ba.