Tanki Ɗaya Zuwa Juma'a

Gbenro Shonubi ya shekara goma sha biyu yana yankan takarda a wani kamfanin ɗab'i a Ikeja, amma kullum a Shagamu yake kwana. Cikin 'yan nesa shi kaɗai ne ba shi da tabarma a bayan sito. Sauran, mutanen Ibadan da Abeokuta, ran Litinin suke zuwa da ƙullin kaya, su kwana a kan kwali tsakanin daurin takardu, sai Juma'a su ga iyalinsu.

Yana da dalilinsa. Mahaifinsa aikin dako ya yi a tashar jiragen ruwa ta Apapa, sai ƙarshen wata yake zuwa gida. Gbenro bai manta yadda yake ɓuya a bayan ƙofa ba idan wannan baƙon ya shigo da burodi a hammata, uwarsa tana jawo shi tana cewa ya gaida babansa. Ranar da aka haifi 'yarsa Feyi ya ɗaukar wa kansa alkawari ba za ta taɓa ɓuyar masa haka ba.

Motarsa ce ta riƙe masa alkawarin. Tun yana saurayi ya sayo ta, ta hannu, daga Kwatano: 'yar ƙarama, ja jawur, mai ƙofa biyu da faffaɗan taya, cikinta kusan yana shafar kwalta. Don gudu aka ƙera ta. Unguwa ta sa mata suna Attarugu. Da sassafe idan babban titin Legas ya buɗe, Gbenro kan taka ta har tireloli su zama kamar a tsaye suke, da yamma kuma matarsa Morenike tun daga kwanar layi take jin rurin salansar motar ta ɗora ruwan tuwon amala.

Sai aka cire tallafin mai. Tun da can Attarugu mai ci ce, amma ba wanda ya lura sai da farashi ya ninka. Albashi ya daina kai wata, aka fara taɓa jarin shagon ɗinkin Morenike. Ya gwada motar haya, ya tarar ita ma kuɗinta ya tashi, ga shi sai ta cika take barin tasha. Sau biyu ya makara, manaja ya ce na uku shi ne na sallama. Bakanike kuwa ya ce ba mai sayen mota mai ƙofa biyu da cikin giwa a wannan zamani.

Wata Lahadi Morenike ta ajiye almakashi ta dube shi.

"Baban Feyi, ni na aure ka ko ita?"

"Wa kuma?"

"Jar amaryarka. Zaren da zan saya ta shanye, kuɗin makarantar yarinya ta fara lasa. Ka nemi tabarma kamar kowa."

"Maman Feyi, kin san ba zan iya ba."

Ta san labarin bayan ƙofa, shi ya sa ta sassauta. Daga nan ta ce abin da gidan zai iya ɗauka tanki ɗaya ne a mako, ba ƙari ko kofi. In ya cika yau, motar ta dawo da shi ran Juma'a da ƙafarta, shi ke nan, ya ci gaba da kwana a gida. In ba ta kai ba, Litinin ya tafi da tabarma.

A ranar ya fara rage wa motar nauyi. Ya kwance kujerar baya ya jingine a falo, ya fitar da safaya da jak da manyan sifikun da yake taƙama da su. Mai faci ya ɗura wa tayoyin iska har suka yi tauri kamar dutse. Litinin ya fita ba takalmi a ƙafar dama, don ya riƙa jin totur a tafin ƙafarsa. Bai kunna na'urar sanyi ba, bai kuma sauke gilashi ba, domin an ce masa iska tana jan mota baya. Ya laɓe a bayan wata tirelar siminti yana bin ta a hankali, rabin idonsa a titi, rabi a kan allurar mai.

Mista Ojelabi, dattijon da ke haɗa tawada, wanda ya fi kowa daɗewa a bayan sito, ya gan shi ya fito daga mota jiƙe sharkaf.

"A'a, ɗan tsere! Ruwa aka yi a cikin motar? Ɗazu na ga mai keke ya wuce ka a Doguwar Gada, har ya ɗaga maka hannu."

"Baba, ku bar ni da abin da ke damuna."

"Na share maka wuri kusa da nawa. Sauron wurin masu ladabi ne, sai sun yi sallama suke cizo."

Gbenro ya yi dariya don girman mai maganar, amma abincin rana bai shige shi ba. Laraba allura ta sauka ƙasa da rabi. Ya fara jin motar a jikinsa: duk birkin da ya taka sai ya ji kamar mai ya zubar, duk wanda ya sha gabansa ya zama abokin gaba. A gida Feyi takan hau kujerar motar da ke falo ta ce ita ce direba, shi kuma ya zauna yana kallonta, bai san ko mako mai zuwa zai gan ta kafin ta yi barci ba.

Juma'a da la'asar ya bar Ikeja allura tana gab da jan layi. A ganinsa za ta kai, in dai hanya ta yi kyau kuma bai ɗauki ko kaza ba.

A bakin gadar fita Legas, inda fasinjoji ke tsayawa, ya hango ta. Iya Eleja ce, yayar mahaifiyar Morenike, mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Shagamu, mace mai jiki, tana tsaye tsakanin manyan kwanduna biyu tana fifita da gefen gyale. Ya sunkuyar da kai, amma jar mota ɗaya ce irinta a duk hanyar.

"Surukina! Gbenro! Allah ne ya aiko ka!"

Wanda ya wuce yayar surukarsa a titi, kafin ya isa gida labari ya riga shi, kuma ba a gama biyan wannan laifi. Ya tsaya, ya fito, ya zube rub da ciki a gefen kwalta ya gaishe ta. Kwandunan suka shige inda kujerar baya take a da kamar don su aka cire ta. Da Iya ta zauna a gaba, motar ta yi ƙasa ta ɓangarenta.

"Kunna mana sanyin nan."

"Mama, ya lalace."

"To sauke gilashi, ko gasa ni za ka yi ka haɗa da kifin? Ina takalminka? Kai, lafiyarka kuwa?"

Bayan Ibafo motoci suka fara taruwa, sai a lokacin ya tuna Juma'ar farkon wata ce, ranar da dubban mutane ke kwarara zuwa manyan sansanonin addu'a na gefen hanya. Manyan motoci cike da mata masu fararen kaya suna waƙa sun toshe titi. Fitilar mai ta kama. Ya riƙa kashe mota idan an tsaya, ya tayar idan an matsa taku biyar, kowace tayarwa kuma yana jin ta a ƙirjinsa. Yara masu sayar da mai a jarka suna bin layi suna ƙwanƙwasa gilashi. Ya dube su, ya dubi allura, ya kau da kai. Morenike ta ce ba ƙari.

Iya ta daɗe tana kallonsa.

"Ɗan nan, tun ɗazu kake duban agogon can kamar mai jiran haihuwa. Me ke ciki?"

Ya gaya mata duka, har da tabarma. Ta ce, "Uhm," ta fasa goro.

Rana ta yi ja kafin su fita cunkoson. Sun sauka daga babban titi sun shiga gari, motar ta yi tari sau biyu. A kan tudun da ke gangarawa layinsu ta mutu. Ya murɗa makulli, ta yi kuka ta ƙi. Sai ya zare giya ya bar ta ta gangara. Sitiyari ya yi nauyi, birki ya ƙage a ƙarƙashin ƙafarsa, kwandunan suka turo kujera, Iya ta dafe ƙirji tana kiran sunan Allah. Da birkin hannu ya tsayar da ita, hancinta ya kusa taɓa ƙofar gidan.

Morenike tana tsaye a bakin shago da tef a wuya. Shekara da shekaru tana jin rurin motar nan tun daga kwanar layi, yau kuwa ba abin da ta ji sai ƙarar tsakuwa.

"Ta kai ƙofa dai," in ji Iya.

"Ba ta kai ba," in ji Gbenro. "A kan tudu ta mutu."

Morenike ta durƙusa ta gaida Iya, idonta ya ciko. Ta bayanta yana hango sabuwar tabarma a naɗe, jingine da keken ɗinki.

Iya ta fito da ƙyar, ta dafa rufin motar.

"Morenike, ni da kwandunana muka shanye man, kowa ya gani. Amma ba wannan ba. Ni da Iya Sikira da Maman 'Yan Biyu kullum sai mun shiga Legas saro, kullum kwandasta na zaginmu yana yanka mana kuɗin da ya ga dama. Abin da muke ba shi mu ba mijinki. Kai kuma ka mayar da kujerar baya, ba a ƙasa za mu zauna ba."

"Mama, ƙofa biyu gare ta."

"To? Mu da muka shiga ta tagar bas? Kuma ka gyara sanyin nan."

Gbenro ya dubi Attarugu, wadda ko mai ƙurar takalmi ba ya bari ya shiga a da. Tuni ƙarnin kifi ya kama ta. Ya dubi Feyi, da ta rugo ta riƙe masa ƙafar da ba takalmi.

Litinin da safe Mista Ojelabi yana wanke baki a ƙofar kamfani ya ga jar mota ta shigo a hankali, bayanta ya kusa jan ƙasa don nauyin matan da ta sauke a kasuwa bai gama sakinta ba. Ya leƙa ciki, ya toshe hanci.

"Ɗan tsere ya koma kabu-kabu! Nawa ne zuwa Ibadan?"

Gbenro ya kashe mota. Yana duban allura, wadda tun a ranar farko ta sauka fiye da makon jiya, yana auna ta da abin da matan suka damƙa masa. Tabarmar tana nan a shagon Morenike. Ba ta mayar wa wanda ya sayar mata da ita ba tukuna.