Sunan Da Gwaggo Ba Ta Faɗa Ba

Akwai wata Laraba a Kaura Namoda da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. A lokacin ina cikin masu aikin tattara Hausar mutanenmu. Mukan je Shinkafi da Zurmi mu ɗauki hirar mutane da waya, mu dawo mu rubuta, sannan mu zuba a wata manhaja mu yi wa kalmomi alama: wannan Fulatanci ne, wannan sunan gari, wannan sunan mutum. Duk abin da ya samu alamar suna, manhajar takan shafe shi daga rubutu da murya kafin a tura wa masu bincike na waje. Alkawarin da muke yi wa mutane ke nan, kuma a halin da yankinmu ke ciki ba alkawarin wasa ba ne.

Wadda ta gina manhajar wata malama ce mai koyar da kwamfuta, mace mai tsaurin tsiya. Alamominta ƙayyadaddu ne, ko ɗaya ba ka isa ka ƙara ba. Mun sha yin gulmarta a wurin shan fura, amma tana da hujja. Da farko a buɗe ta bar ta, kowa ya ƙirƙiri alamarsa yadda ya ga dama, aiki ya cakuɗe, sai da aka sake shi daga tushe. Tun daga nan ta kulle.

Cikin hirarrakin da na ɗauko har da ta gwaggona, a wani ƙauye kusa da Moriki. Ta ba da labarin yadda 'yan bindiga suka kore musu shanu, da yadda ɗanta na fari ya bi sawu a ɓoye ya kai wa jami'an tsaro labari. Gwaggo irin matan da ce, kunya ba za ta bar ta ta ambaci sunan ɗan fari ba. Sai ta ce, "Wancan dai wanda ka facin taya bakin tasha, mai ɗingishin nan, shi yat tahi."

Ranar Larabar nan da na zo yi wa wurin alama, sai na ga matsala. Babu suna a ciki, amma duk wanda ya san garin ya san wa ake nufi. Na gwada ɗora alamar suna a kan jimlar duka, manhajar ta ƙi, don ba ta hawa kan doguwar magana. A wurin manhajar hirar fes take, ta riga ta sa ta a sahun waɗanda za a tura ranar. Idan maganar ta zagaya ta faɗa kunnen da bai kamata ba, ɗan'uwana ya shiga uku, kuma ni na jawo masa.

Na tari Keke Napep na nufi ofishin malamar.

"Malama, don Allah kada ki tura."

"In alama kaka so a ƙara, na gaya maku ba a ƙarawa," ta ce, ko kallona ba ta yi ba.

Na miƙa mata abin sauraro. Ta ji, ta mayar baya ta sake ji.

"Uwata ma ba ta hwaɗin sunan yayanmu," ta ce a hankali. "Amma da niz zo gina abin ga, ban tuna da ita ba."

A gabana ta kira shugabannin aikin ta ce ba za a tura komai ba. Ina jiyo faɗan da ake yi mata ta cikin waya, ta shanye, ko sau ɗaya ba ta ambace ni ba. Bayan 'yan kwanaki ta kawo gyara. Ba ta bar mana manhajar sakaka ba, ta san halinmu. Alama ɗaya ta ƙara, wadda za ka ja ta komai tsawon magana in tana nuna mutum, ka rubuta dalili, wani abokin aiki ya saurara ya amince. Muka koma kan tsofaffin hirarraki, sai ga irinta birjik: matan da ba sa kiran sunan miji, mazan da ke kewaye sunan suruki, kowa ya siffanta nasa har da ƙofar gidansa.

Da na koma ƙauye na kunna wa Gwaggo hirarta. Da aka zo wurin, murya ta ɗauke, sannan ta ci gaba. Na yi mata bayanin dalili. Ta riƙe haɓa, idanunta suka kawo ruwa.

"Ashe da bakina na kusa ba da shi," ta ce. "Ɗan nan, ka gaishe min da matar nan. Ka ce mata ina yi mata addu'a."

Na isar da saƙon, malamar ta yi kamar ba ta ji ba, ta ce in koma bakin aiki. Har yau ina jin godiyarta a zuciyata. A wurinta na koyi cewa duk kayan aikin da za ka gina don maganar mutane, ka bar wa al'adarsu hanya, kuma ranar da wani ya shigo maka a firgice ya ce tsarinka bai kama ba, ka ajiye tsarin ka saurare shi tukuna.