Ƙuri'a a Gindin Gawo

A shekarun da soja suka fara sakin mulki, garinmu da ke kusa da Cadawa ya kamu da ciwon kwamiti. Rijiya da kwamitinta, kasuwa da nata, har masu jakuna sai da suka naɗa shugaba. Ni ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko, kuma da yake ina da biro da bakin magana, samari suka ɗora ni sakataren kwamitin filin wasa.

Buƙatarmu ta gaskiya ce. Yara na buga ƙwallo a lungu, kullum sai ta faɗa tukunyar wata, a biyo su da muciya. Akwai fili a gabas da gari wanda ba na kowa ba, sai dai wani ƙaton gawo ya tsaya a tsakiyarsa. A gindin gawon nan mahaifina yake dara da taubashinsa, wanda muke kira Kawu, tun kafin a haife ni. Shekara da shekaru suna zargin juna da satar 'ya'yan dara, kuma ba wanda ke iya yini bai ga ɗaya ba.

Da damina aka turo mana wani ma'aikaci daga Maradi ya auna filin. Mutumin kirki ne, amma a birni ya tashi. Ya ɗaga kai ya ga gawo tsirara, ko ganye ɗaya babu, alhali duniya ta yi kore shar. Ya rubuta a takardarsa cewa itacen ya mutu, a sare. Ko akuyar garinmu ta san gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi lif. Ina tsaye kusa da shi, ina riƙe masa bakin igiyar awo, na yi gum. Fili nake so, kuma ga takardar buro, ta hukuma, ta zo ta yi mini aikin da nake jin nauyin yi da bakina.

Da yamma na kai wa Baba labari, ina wani sunkuyar da kai kamar mai ta'aziyya.

"Mi ya ce ya kashe shi?" in ji Baba.

"Bai faɗi ba, Baba."

"Kai kuma, Mushe, da iliminka, ba ka tambaya ba?"

In Baba ya kira ni Mushe, wato malamin lakol, na san ba girmamawa ba ce. Kunya ta kama ni, amma na dake, na ce ai yanzu zamanin dimokuraɗiyya ne, abin da jama'a suka zaɓa shi za a yi. Ya ce madalla, shi ma yana son ya ɗanɗana abin nan da rediyo ke ta faɗi. Roƙonsa ɗaya, a bari a gama aikin gona, 'yan cirani su dawo, kada a tauye wa kowa haƙƙi. Na amince da sauri, don 'yan cirani duk samari ne, nawa ne.

Ba su gama dawowa ba sai tsakiyar bazara. Aka sa rana, bayan azahar. Ba mu da akwati, ba mu da takardun ƙuri'a, sai Kawu ya kawo shawara: mai son a bar itacen ya tsaya a gindinsa, mai son a sare ya tsaya a fili inda za a buga ƙwallon. Na ga adalci ne ƙarara. Gawon kuwa, marigayin, ya yi ganye har ba ka ganin sama ta cikinsa.

Na ƙirga. Mu a rana mun ninka su, tsofaffi ne kawai a inuwa da wasu mata masu tallan fura. Na buɗe baki zan faɗi sakamako, Kawu ya ɗaga sanda.

"Ban yarda ba. Wancan mai jar hula sau biyu ka ƙirga shi."

Na sake. Ya ce na tsallake mai fura ɗaya. Na sake. Baba ya ce shi fa kunnensa ya yi nauyi, a maimaita da ƙarfi, a hankali. Ƙasa ta yi zafin da mai silifa ma rawa yake yi. Wani daga cikinmu ya ce zai je ya sha fura ya dawo, bai dawo ba. Wani ya bi shi kiransa. Mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallonmu, wanda ya fi kowa zagin itacen, na hango shi ya miƙe ƙafa a kan saiwa yana fifita da hula. A ƙirga na biyar muka yi kunnen doki. A na shida na waiga, ba kowa a bayana.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tsaya ni kaɗai da littafina, gumi na ɗiga a kan lissafin, mutane na dariya ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi ƙona ni shi ne na san ba zafin rana ne ya kayar da ni ba, shirun da na yi ne ranar awo.

Daga baya mun ja filin ya koma kudu kaɗan. Ya fito a karkace, gawon na bakin layi, 'yan kallo suka samu rumfar da ba wanda ya kafa. Baba bai ga damina uku bayan haka ba, Kawu kuma bai sake taɓa dara ba.

Amma a ranar ƙuri'ar, Baba bai yi dariya ba. Ya dube ni can cikin rana, ya matsa gefe a kan tabarmarsa, ya share ƙasar da ke wurin da tafin hannu.

"Taho ka zamna, Mushe," ya ce. "Mataccen icce ne, amma ya ishe mu ni da kai."