Tukunyar da ba ta dawo daga Elig-Edzoa ba

Shekarun baya, lokacin da ƙafar mahaifiyata ta fara ba ta wahala, ta sakar mini manyan tukwanenta na biki, irin waɗanda guda ɗaya take cinye rabin buhun shinkafa. A zamaninta aro ake zuwa, a dawo da su da sabulu ko ƙwaryar abincin biki, shi ke nan. Ni kuma da na karɓa sai na mayar da abin haya.

Ƙanena da ya gama jami'a yana zaman jiran aiki shi ya buɗe mini shago a intanet. Mutum zai zaɓi abin da yake so, ya biya ta waya, ya ajiye kuɗin jingina, wanda a nan muke cewa kosiyon. In ya makara, shagon da kansa yake yankar tara kowace safiya. In kuma an lalata kaya, ni zan danna wani wuri, in rubuta dalili, a cire kuɗin. Ina ta jin kaina wata babbar 'yar kasuwa, alhali ko lambar sirrin shiga ban iya riƙewa ba.

Da farko matan unguwarmu ta Briqueterie ne kawai suke haya, duk na san gidajensu. Sai wata rana oda ta shigo daga unguwar Elig-Edzoa, tukwane huɗu, sunan matar kuma ba na Musulmi ba ne. Murna ta kama ni, na ce kasuwa ta tsallake unguwa. Mai taksi ya zo ya ɗauka, ban tambayi komai ba.

Ranar dawowa ta zo ta wuce. Na kira, waya a kashe. Washegari ma haka. Kullum da safe saƙo zai shigo mini cewa an yanki tara daga kosiyon ɗinta, maimakon in ji daɗi sai damuwata ta ƙaru, domin Hajiya maƙwabciyarmu za ta aurar da 'yarta a ƙarshen makon, kuma waɗannan tukwanen ta kama tun da daɗewa.

Ina cikin wannan zullumi na je gaida mahaifiyata, na ba ta labari. Ta dube ni ta ce, “Ke 'yar nan, me suka ce za su dafa a ciki?”

Na ce, “Inna, ban tambaya ba.”

Ta ci gaba da jan carbinta. Ni kuwa nan take na gane inda ta dosa. Kowa ya san a bukukuwan mutanen kudu naman alade ba baƙo ba ne, amma wallahi ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba sai da ta furta.

Bayan na koma gida sai ga mai taksi ya sauke tukwane uku a ƙofar gida, an wanke su fes suna ƙyalli. Na ce ina ta huɗun? Ya ɗaga kafaɗa ya ce madam ta ce za ta kira. Yana tafiya na jawo su tsakar gida, na dinga tura kaina ciki ɗaya bayan ɗaya ina shinshina kamar kyanwa. A haka maigidana ya shigo ya same ni, rabin jikina a cikin tukunya. Ba abin da na ji sai ƙamshin omo, ni da ban ma san warin abin da nake nema ba.

Da ya gama dariyarsa ya ce, “Ai ƙarfe ne. Ko ma an dafa, malamai sun ce wanki yana tsarkake shi.”

Na san gaskiyarsa. Amma na san matan unguwarmu. Ranar da aka ce an ci tuwon biki daga tukunyar da aka dafa alade, kafin la'asar maganar ta tashi daga layin teloli ta isa wurin masu soya, wato masu gashin tsire, kuma ba sunana kaɗai za a kira ba, har da na mahaifiyata.

Ƙanena ya ce, “Adda, ki danna kawai. Ki cinye kosiyon ɗin duka, ki rubuta cewa kaya sun lalace, mu sayi sababbi.”

Na buɗe wayar, na kai yatsa, na tsaya a wurin rubuta dalili. Me zan rubuta? In na ce ta ɓata mini tukwane, na yi mata ƙazafin abin da ban gani ba. In na cire kuɗin guda ɗaya kawai, sauran ukun fa, in miƙa wa Hajiya ina kokwanto? Na rufe wayar, na sake buɗewa, na sake rufewa. Abinci ya daina shiga bakina. Duk lokacin da Hajiya ta yi sallama daga bayan katanga sai gabana ya faɗi.

Da na ga zaman ba zai fisshe ni ba, na yafa gyale na hau taksi zuwa Elig-Edzoa da adireshin da ta rubuta. A hanya ina ta haɗa Faransancin da zan yi tambayar da shi ba tare da na ci mata fuska ba, ban samu ko jimla ɗaya mai daɗin ji ba.

Na tarar da rumfa a ƙofar gidan ba a kwance ta ba tukuna, kujeru a jibge gefe. Aka kira mini matar, ta fito cikin baƙaƙen kaya, idanunta sun kumbura. Ashe mahaifiyarta ce ta rasu. Bayan zaman makoki sun kai gawar ƙauye, inda ko sabis babu. Duk maganar da na tanada ta gudu, na yi mata ta'aziyya ina in'ina.

Ita ta fara. Ta ce, “Hajja, na san abin da ya kawo ki. Zo ki gani.”

Ta kai ni bayan gida. Ga tukunyata a jingine ita kaɗai, an ɗaura jan ƙyalle a hannunta.

Ta ce, “Ukun da na aiko, shinkafa ce da ganyen rogo da naman shanu daga mayankar Etoudi, ni na tsaya a kansu. Wannan kuwa ina coci dangin mijina suka dafa alade a ciki. Na so in saya miki irinta a kasuwar Mokolo in haɗa, to makoki ya cinye abin hannuna.”

Na ce, “Madam, ai da kin wanke ta kin haɗa da sauran, har abada ba zan sani ba.”

Ta ce, “Tun 'ya'yana suna ƙanana suke cin soya a layinku. Ban taɓa tambayar naman me aka gasa musu ba, don na yarda da ku.”

A tsaye a wurin na buɗe waya na cire kuɗin tukunya ɗaya, a wurin dalili na rubuta cewa an sayar, na ce ta riƙe abarta. Tarar makara kuwa na so in mayar mata na rasa inda ake dannawa, sai da na kira ƙanena. Ya yi ta ƙorafi cewa haka ake karya kasuwa, amma ya mayar.

Saura Hajiya. Na same ta na faɗa mata komai. Ta ce bari ta yi shawara. Ba ta aiko ba, a unguwar Tsinga ta samo wasu tukwanen. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Sai dai har yau ban ji labarin a bakin kowa ba, kuma da sunan jikarta ya zo, wurina ta dawo.

Yanzu tukwanena kashi biyu ne, na Musulmi daban na sauran jama'a daban, kuma nakan tambayi abin da za a dafa tun kafin kaya su fita, ba na jin nauyi. Na sa ƙanena ya cire wancan yankan tara na kai tsaye, ba a taɓa kuɗin kowa sai na ji muryarsa. Na'ura ta iya lissafin kwanaki, amma ba ta san gidan da ake makoki ba. Har gobe idan tukunya ta makara gabana yana faɗuwa, wannan kam bai bar ni ba. Amma idan aka ɗaga wayar, abin da nake fara cewa shi ne, “Lafiya dai ko?”