Ranar da Pempho Ya Kai Loma Baki

Da farko bari in tona wa kaina asiri: an ba ni waya in ɗauki bidiyon yaro, na ɓuge da ɗaukar hancina. Wayar ta ƙanwata ce, Tadala Mkandawire, kuma har yau ba ta huce ba.

Tadala tana aiki a wani asibiti a Zomba, ƙasar Malawi. Yaran da gaɓoɓinsu ba sa jin magana take koya wa cin abinci, sa riga da riƙe fensir. Ta daɗe tana bin takardar ƙwarewa a fannin yara, domin an faɗa mata baro-baro: in babu takarda, ɗakin yara za a rufe, ita kuma a mayar da ita sashen manya. Karatun dare ta yi shi, jarrabawa ta ci. Abu ɗaya ya rage: ta aika wa malamanta bidiyon yaron da ta koya wa ci da kansa.

Yaron shi ne Pempho, wanda aka haifa da shanyewar hannu. Su malaman nata, cokali suke son gani a hannunsa. Uwar yaron ta ce, "Malama, wa ke cin nsima da cokali a gidanmu? So kike yara su yi masa dariya?" Tadala ta yi ta rubuce-rubuce da magiya har suka amince da hannu. Daga nan watanni tana fama: ya gutsuro nsima, wato tuwon masara, ya mulmula, ya faɗi a cinya.

Ana gobe za a rufe karɓar bidiyon, Pempho ya mulmula loma, ya dangwali miya, ya kai baki. Uwar ta rangaɗa guɗa. Tadala ta fizge wayar daga hannuna ta duba. Babu yaro, babu tuwo, sai ƙatuwar fuskata tana hawaye. Aka lallaɓi Pempho ya maimaita, ya ce ya ƙoshi, ya juya baya.

Na ce, "Ƙanwata, aika musu haka mana. Duk wanda ya ga ƙato kamar ni yana kuka ya san aiki ya yi kyau."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Yaya, Pempho da shanyayyen hannu ya gano bakinsa. Kai da lafiyayyun yatsu ka kasa gano maɓalli ɗaya. Ka zo ran Litinin ka bi layi bayan yara, tun kafin a rufe ɗakin."