Gajimaren Malama Mai Kwando

Malama Hajara ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsugune a ƙofar wani shagon taki a Funtua ina dama fenti. Ɗanta Bashir ne ya kira. Na ce masa ƙarya yake yi. Haka na ce wa mutumin da mahaifiyarsa ta cika da asuba, ku ji irin bakina. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce malamar aji uku a firamaren ƙauyenmu, can kan hanyar Maska. Mu Malama Mai Kwando muke ce mata. Kullum da kwando a kanta, kuma ba abinci ne a ciki ba. Karan dawa ne, da murafun kwalba, da gashin kaza, da ƙullin ƙaro, da guntayen gawayi.

Ranar Alhamis in an dawo daga tara, sai ta ce kowa ya kifa kai a benci ya rufe ido. Mu da ba mu samu benci ba mu kifa a gwiwa.

"Ku tafi," haka take farawa. "Ku bi ta bayan gidan mai unguwa, ku gangara fadama. Kada wanda ya yi sauri. Ku tsaya ku duba."

Sai ajin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kwanon rufi yana ƙas-ƙas saboda rana. Muryarta na tafiya a hankali, kamar mai kora tumaki ba ta so su firgita. Wallahi ni har sanyin fadamar nake ji a tafin ƙafata. Can sai ta ce, "To, ku dawo. Abin da kowa ya gano, ya yi mini shi da hannunsa."

Ba mu taɓa ganin kalar kanti ba. Zoɓo take jiƙawa ya ba mu ja, kurkum ya ba mu rawaya, shuɗi kuwa bular wanki ce. Burushi asuwaki ne, kowa ya tauna nasa. Mu koma gida haƙora ja, iyaye su yi ta faɗa.

Da kaka, in manyan motoci na wucewa da auduga zuwa Funtua, iska kan fizgo kaɗan-kaɗan ta maƙala a ƙayoyin bakin titi. Ita take sa mu tsinto.

"Wannan ta hanya ce, ba ta da mai ita. Amma wanda ya taɓa ta gonar wani, ni da shi ne."

Ni a lokacin daƙiƙin aji ne, ba na ɓoyewa. Har na shiga aji uku ban san harafi ɗaya ba, bulala kawai na sani. Wata rana na yi motar kara mai ƙofa da ke buɗewa. Ta ɗauka ta daɗe tana juya ta, ta buɗe ƙofar ta rufe, ta sake buɗewa. Barkono take ce mini, saboda baki.

"Barkono, wanda ya yi wannan ba daƙiƙi ba ne. Ka kalli harafi yadda ka kalli mota. Shi ma zane ne."

Ban saurara ba. A aji huɗu na zagi wani malami, ban sake komawa ba. Karatun sai da na girma na koya wa kaina, a jikin manyan motoci da takardun ƙunshin tsire. Na fara zana haruffa a allunan shaguna tun ban iya karanta su ba. Da shi nake ci yau.

Tun ɗazu ina ganin post ɗinku, wai uwa ce ga ilimi, wai an yi babban rashi. Wasunku ku ne kuka riƙa cewa tana ɓata wa yara lokaci da wasan ƙasa. Akwai wanda ya zo duba makaranta da babbar riga, ya sa takalmi ya rushe garin yumɓun da muka yi sati uku muna ginawa, da rumbunansa da rijiyarsa, wai datti ne. Yana nan da rai, ya san kansa.

Amma bari in tsaya nan, don ni ma ba ni da bakin magana.

Sati uku da suka wuce na haɗu da ita a kasuwar Funtua, wajen masu ƙaro. Ta rame, amma kwandon na nan. Ta kamo hannun rigata.

"Barkono, kai nake nema. Silin ajina ya gama zubewa, kwano na gasa mini yara. Mun tara kwalayen taliya da na sabulu, kowane yaro ya shafe nasa da bula, ya liƙa gajimarensa na auduga. Saura a buga su a sama. Ni gwiwa ta hana ni hawa."

Na ce, "Haba Malama. Shekara nawa kina toshe wa gwamnati ɓaraka da kwali? Su suna can cikin AC, ke kina nan kina tsintar shara. Ai irinku ne kuka sa ba za su taɓa gyarawa ba."

Da ƙarfi na faɗa, a gaban mutane. Har mai ƙaro ya ɗago ya dube ni.

Ta ce, "Gaskiyarka. To kafin su gyara, yaran su kalli me?"

Na ce su kalli kwanon, su san ƙasar da aka haife su.

Dariya ta yi, har da tari. "Bakin nan dai yana nan yadda na san shi. Ka zo ran Asabar. Ka taho da guduma, bakin ka bar shi a gida."

Na ce zan duba.

Asabar uku ke nan. Ba wani aiki ne ya riƙe ni ba. Ɗaya ma a gidan kallon ƙwallo na ƙarar da ita.

Yau bayan mun kai ta makwancinta, na kasa zama wajen gaisuwa. Na wuce makarantar. An sallami yara saboda rasuwar, maigadi ne ya buɗe mini ajin.

Kwalayen suna nan jingine da bango, an jera su a tsanake. Wani shuɗinsa ya yi duhu kamar hadari ya taso daga gabas. Wata ta liƙa auduga har ba a ganin kwalin. Wani ya sa jirgin sama na kara yana ratsa gajimare. Akwai wanda bai sa gajimare ko ɗaya ba, shuɗi ne zalla, sai shirwa ɗaya can a kusurwa.

Da na juya bayansu na ga rubutunta. Sunan yaro, da layin da yake zama, da gefen da yake. Ashe ta tsara ne kowane yaro in ya ɗaga kai, nasa zai gani a saitin kansa.

Na kwanta rigingine a ƙasa ina kallon kwanon nan mai tsatsa, da ramukan da rana ke zubowa ta ciki. Na rufe ido. Ban san minti nawa na yi ba. Na ga ajin a rufe ruf da shuɗi, audugar na motsi in iska ta shigo ta taga, shirwar nan na shawagi a kan layin baya inda daƙiƙai ke zama.

Gyaran muryar hedimasta ne ya tashe ni.

"Murtala, kai ne? Ai waɗannan ran Litinin za a kwashe su. Malamin da zai karɓi ajin ya ce gara da kunama yake tsoro. Mai ƙosan bakin get ta ce a ba ta ta hura wuta."

Jama'a, magana ta taso mini har maƙogwaro. Ina da abin da zan faɗa masa wanda zai kai shi gida bai san hanyar da ya bi ba. Na haɗiye. Na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa malami ba.

"Ranka ya daɗe, a yi mini alfarma zuwa Asabar."

Ya ce, "In ya faɗo wa yaro a ka fa?"

"Da katako zan danne su, kowanne ƙusa shida. In ɗaya ya faɗo, a neme ni."

"To. Litinin in na tarar da su a ƙasa, na mai ƙosai ne."

Saboda haka Asabar ɗin nan, ƙarfe bakwai na safe, ina can. Ina da guduma da tsani ɗaya. Ina neman kafinta, da siraran katako, da ƙananan ƙusoshi, da mutum uku masu riƙe mini. Kada a cika mini comment da Allah sarki. Duk wanda ya taɓa kifa kai a ajin nan ya san hanya.

Da na koma gidan gaisuwa na ja Bashir gefe, na gaya masa abin da na faɗa mata a kasuwa. Ya ce ba ta taɓa ambata ba. Abin da ya sani kawai, duk Asabar takan ce a ƙara dama fura, Barkono zai zo aiki.

Ya Allah ka jiƙan Malama Hajara. Ka yafe mata, ka yalwata kabarinta ka sanyaya shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ka ba Bashir da 'yan'uwansa haƙuri, da yaran aji uku.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce. In da saura, ku sa ni a ciki. Ban samu na ce mata ta yafe mini ba.